Gwajin da Ka Sa Aka Kashe Ana Jibi Sallah

Zuwa ga Baba Alhaji,
Shugaban kamfanin shafin littattafan Hausa da ke Ikeja, Legas.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Bayan gaisuwa irin ta 'ya ga uba, ina fatan kana lafiya, kai da Hajiya da sauran iyali. Allah ya ƙara girma.

Ni ce Rukayya, matar ma'aikacinka mai kula da gwaje-gwajen shafi, wanda ka sallama bayan Babbar Sallah. Sau biyu ina hawa motar danfo daga Agege zuwa ofishinka. Zuwan farko maigadi ya ce oga ya fita. Zuwa na biyu ga motarka a ajiye, na zauna a benci tun hantsi har aka kira azahar, sakatariyarka tana ce mini oga yana mitin. Tunda ƙofa ta ƙi buɗuwa, na zo ta fili. Ban kama sunanka ba, ban kuma kama sunan shafin ba. Na ɗanɗani abin da ake ji idan aka tona sunan mutum a inda bai ajiye shi ba, ba zan yi wa wani haka ba. Waɗanda abin ya shafa sun san inda nake nufi.

Ni mai karatun littattafai ce tun ina gidanmu a Haɗeja. Da aka kawo ni Agege, ɗaki ɗaya a gidan haya, ƙarar janareta ta ko'ina, maƙwabta suna Yarabanci ina bin su da ido, shafinka ne ya zame mini abokin hira. Na sha ƙona miya a kan babi ɗaya. Ƙarƙashin kowane babi kuma akwai wurin da mata ke sharhi da sunan aro. Akan fara da zagin jarumin labari, a ƙare da maganar gida. Abin da mace ba za ta iya faɗa wa uwarta ba, a nan take sauke shi, domin shafinka ya rubuta da manyan baƙaƙe cewa ba wanda zai ga sunanta na gaskiya ko lambar wayarta. Ka riƙe wannan alkawarin a ranka, Baba, a kansa duk maganata take.

Na ɗaya: aikin da maigidana ya yi maka.

Kafin ya zo, duk mai karatu ta san halin shafin. A gyara wurin shiga, sai babi na goma ya ɓace. A dawo da babin, sai hotunan bango su kife. Ma'aikatanka da hannu suke gwadawa, su danna nan su danna can, inda suka manta kuwa mu ne muke gano shi. Shi ya zauna wata da watanni ya kafa gwajin da ke gudanar da kansa. Ban yi karatun kwamfuta ba, amma a kan tabarmar ɗakina aka yi rabin aikin, don haka na san abin da nake faɗa.

Iri biyu ne. Akwai ƙananan gwaje-gwaje, kowanne yana duba guntu ɗaya na manhajar shi kaɗai: a ba shi kaza, a ga ko ya mayar da kaza. Ya ce mini kamar tela ne da ke jan kowane ɗinki ya ji ƙarfinsa kafin ya haɗa riga. Waɗannan kafin ka ɗauke ido sun gama. Sai kuma gwajin burauza, wanda kwamfuta ke buɗe shafin da kanta kamar mutum. Ranar da na fara ganinsa, babu hannun kowa a kan kwamfutar, amma ga suna yana rubuta kansa, ana danna maɓalli, ana buɗe babi, ana rubuta sharhi, ana fita. Na ja da baya ina neman tsari, shi kuwa yana ta dariya.

Wannan gwajin yana buƙatar matan ƙarya da za su riƙa shiga shafin, ni na raɗa musu suna. Hajiya Ladidi mai babbar waya. Zulai mai ƙaramar waya da sabis ke yanke mata a tsakiyar karatu. Asabe wadda ba ta da waya, sai ta ari ta maƙwabciya. Na fara ba shi labarin gidan kowacce da irin mijin da take aure, ya ce shi suna da lamba kawai yake so. Ni na gaya masa cewa mace mai jiƙaƙƙen hannu tana danna abu sau biyu, kuma waya ɗaya tana zagaya mata uku a gida ɗaya. Duk ya sa a gwajin.

Daga ƙarshe ya haɗa su da ƙofar fitar da sabon aiki. Duk wanda ya taɓa wani abu a manhajar, gwaje-gwajen za su tashi da kansu. Idan duk sun yi kore, aiki ya wuce zuwa ga masu karatu. Idan ɗaya ya yi ja, ƙofa ta rufe sai an duba. Bayan wannan ne shafinka ya daina ba mu kunya. Kai da bakinka ka faɗa a gaban ma'aikata cewa maigidana, ɗan abokinka, ya fitar da kai kunya.

Na biyu: gwajin da ake magana a kansa, daga bakina ya fito.

Wata rana muna cin abinci na ce masa, duk abin da zai lalace a shafin nan ya lalace, amma ranar da sunayen mata suka fito, gidaje za su mutu. Ya ajiye cokali ya jawo kwamfuta. Ga abin da ya rubuta: Zulai ta shiga ta yi sharhi da sunan aro ta fita, Asabe ta shiga ta bincika shafin daga sama har ƙasa tana neman sunan Zulai na gaskiya da lambarta. Idan ta gani, ja.

A kan wannan na dogara na bi matan unguwarmu. A islamiyya, a wurin suna, a layin ɗibar ruwa, ina ce musu su saki jiki, maigidana ya sa wa sirrinsu mai gadin da ba ya gyangyaɗi. Ban karɓi ladan talla daga wurinka ba. Alfahari nake da mijina, shi ke nan.

Na uku: abin da ya faru ana jibi Sallah.

Ka so a fitar da sabon abu, wurin da mai karatu za ta aika wa marubuciya goron Sallah, sunanta na gaskiya ya fito a jerin masu kyauta. Da aka haɗa sabon aikin, ƙananan gwaje-gwaje duk suka yi kore. Gwajin Zulai da Asabe ya yi ja.

Zan faɗi abin da ke gefenka, don kada a ce na ɓoye. Gwajin nan ya taɓa yin ja sau biyu ba dalili, lokacin da sabis ɗin ofis ya yi nauyi shafin ya ƙi buɗewa da wuri. Da wannan ka kafa hujja. Maigidana ya ce bai san ko wannan karon ƙarya ce ko gaskiya ba, a ba shi zuwa gobe da azahar ya bincika. A gaban mutum biyu, wanda ya rubuta sabon aikin da mai kula da tallarku, ka ce gwajin nasa ya cika ƙorafi, ka riga ka yi wa marubuta alkawari, ya kashe shi, bayan Sallah ya duba. Ya sake cewa, "Baba, a yi haƙuri zuwa gobe." Ka ce, "Ni na kawo ka Legas ko kai ka kawo ni?"

Da ya fito, abokin aikinsa, wani Bayerabe, ya tare shi a bakin ƙofa ya ce ya koma ya ce wa oga ya rubuta umarnin a imel. Bai koma ba. Ka san dalili, amma zan faɗa don masu karanta wannan wasiƙa. Kai aminin mahaifinsa ne tun kuna yara. Kai ka karɓi aurenmu a matsayin wakilinsa. Bai taɓa zama a kujera a gabanka ba sai ka ce ya zauna. A ce wa irin wannan mutum "rubuta mini" daidai yake da a ce masa "ban yarda da kai ba". Bayeraben bai ga komai a ciki ba, a wurinsa aiki aiki ne. Nawa kuwa ya gwammace ya ɗauki kasada da ya yi maka rashin kunya. Ya koma teburinsa ya sa wa gwajin alamar tsallakewa. Kwamfuta tana ajiye sunan duk wanda ya canza wani abu, da ranar, da lokacin. Ta ajiye nasa. Maganarka kuwa iska ta tafi da ita.

Ban wanke shi ba. Ya kamata ya ƙi, ko da za ka kore shi a ranar. Na faɗa masa haka ido da ido, bai musa ba. Amma laifin wanda ya kasa ce wa uba a'a daban, laifin uban da ya san ba za a iya ce masa a'a ba ya yi amfani da hakan daban.

Na huɗu: ranar Sallah.

Sabon aikin ya buɗe da safe. An sauko daga idi, ina tsakar gida da sauran mata muna aikin nama, wayata ta fara ruri ba ƙaƙƙautawa. Duk sharhin da aka taɓa yi a shafin, sabo da tsoho, ga sunan mai shi na gaskiya a gefensa, ga lambar wayarta. Kafin azahar hotunan sharhin da mutane suka ɗauka sun zagaya guruf-guruf na waya daga Agege har Ketu, har gida Arewa.

Maigidana ya zauna a ƙasa da sabuwar shaddarsa ya buɗe kwamfuta. Ya kira ka har ya gaji, wayarka a kashe. Izinin rufe shafin gaba ɗaya a hannunka yake kai kaɗai, don haka sai ya bi doguwar hanya ya janye sabon aikin. Bai gama ba sai la'asar. Abu na farko da ya yi bayan nan, ya kunna gwajin ya sake shi a kan aikin da ya janye. Asabe ta shiga, ta ga sunan Zulai, ya yi ja. Tun ana jibi Sallah gaskiya yake faɗa.

Yana cikin bin shafukan ɗaya bayan ɗaya don ya ga iyakar ɓarnar, ya ci karo da sunana. Tunda duk Agege ta karanta, ba abin da zan ɓoye. Na taɓa rubutawa, ƙarƙashin wani babi, cewa na auri mutumin kirki wanda bai iya magana mai daɗi ba, kuma wani lokacin nakan karanta kalaman jarumin labari in rufe ido in sa su a bakin mijina. Ina tsaye a bayansa da wuƙar nama a hannu lokacin da ya karanta. Ya daɗe a kan layin. Sannan ya wuce zuwa shafi na gaba, domin akwai sauran aiki. Har yau bai tayar mini da maganar ba, ni kuwa da ya yi faɗa da ya fi mini sauƙi.

Nawa ƙarami ne. Dariya aka yi mini a bakin famfo, wata ta tambaye ni ko zan ara mata jarumin nawa. Na wasu ba abin dariya ba ne, kuma ba zan maimaita ko kalma ɗaya daga abin da suka rubuta ba. Mace ɗaya a layinmu, wadda ni na sa mata shafin a waya da hannuna, an sa ta a mota zuwa gidan iyayenta kwana uku bayan Sallah. Da na je yi mata sallama ba ta zage ni ba. Cewa ta yi, "Rukayya, ina mai gadin naki?"

Na biyar: sanarwarka.

Ba a gama cin naman Sallah ba ka fitar da sanarwa a shafin da duk guruf ɗin marubuta. Ka ce abin ya faru ne saboda ma'aikaci ɗaya ya kashe gwajin tsaro ba da sanin shugabanni ba, kuma an sallame shi. Ka rubuta cikakken sunansa. Ka haɗa da hoton wurin da kwamfuta ta ajiye sunan nasa.

"Ba da sanin shugabanni ba." Baba, na karanta wannan layin ya fi sau ashirin. Da ka ce kuskuren kamfani ne, da mun haɗiye. Da ka kore shi shiru, da mun ce ƙaddara. Amma ka ɗauki ladabin da ya yi maka ka mayar da shi shaida a kansa.

Ga abin da sanarwar ta haifar. A masallacin layinmu akwai mazan da idan ya miƙa hannu sai su gyara hula. Ana cewa da gangan ya yi don ya tattara lambobin matan mutane. Mai shayin bakin titi, wanda suke wasa da shi kullum, yanzu sai ya miƙo masa kofi yana kallon wani wuri. Ya je neman aiki wani kamfani a Yaba, ya ci jarrabawarsu, aka zo hira, mutumin ya juyo masa da waya ya nuna masa sanarwarka ya ce, kai ne wannan? Mai aikin gwaji ba shi da jari sai amana. Wa zai ɗauki mai gadin da aka buga a duniya cewa shi ya buɗe ƙofa ya tafi?

Mutum biyun da suka ji umarninka suna nan a ofishinka suna cin abinci a ƙarƙashinka. Ban ga laifinsu sosai ba, kowa da bakin da yake ciyarwa. Kuma labari ya iso mini cewa tun tafiyarsa an cire ƙofar gaba ɗaya, wai tana jawo jinkiri, yanzu sabon aiki fita yake ko gwaji ya yi ja ko ya yi kore. Idan ƙarya aka gaya mini, ka ƙaryata. Idan gaskiya ne, to matan da suka rage a shafinka su sani a buɗe suke kwana.

A littattafan da nake karantawa, idan an zalunci mutum, wata takarda kan faɗo daga tsohon akwati, ko wani ya zo daga tafiya ya ce ni na gani da idona. Na yi sati huɗu ina jiran irin wannan, har ina tsara yadda za ka shigo gidanmu ka dafa kafaɗarsa. Babu takarda, Baba. Ba a rubuta ba. Shaidar da ta rage a duniya ita ce bakinka.

Don haka ga abin da nake roƙo. Ba na roƙon a mayar da shi aiki, shi ma ba zai koma ba.

Ka janye sanarwar, ka fitar da wata a duk inda ka sa ta farko, ka faɗi cewa gwajin ya yi ja, ma'aikacin ya nemi kwana ɗaya, kai ka ce a kashe. Idan kana so ka ƙara cewa shi ma ya yi kuskure da ya bi, ka ƙara, gaskiya ce.

Ka ba matan da aka tona haƙuri da sunan kamfaninka, ba da sunan wanda ka kora ba. Wadda aka mayar gida, ka nemi dattawan unguwarmu ku je wurin mijinta. Kai ana jin maganarka.

Ka mayar da ƙofar gwajin yadda take, ka kunna gwajin Zulai da Asabe. Idan yana yin ja ba dalili, a gyara shi, maigidana ya ce aikin yini ɗaya ne, a koya masa ya jira shafi ya gama buɗewa kafin ya duba. Kuma ka sa doka cewa duk wanda zai ba da umarnin tsallake gwaji, ko kai ne, ya rubuta da hannunsa. Kada ka sake barin ƙarami ya zaɓa tsakanin aikinsa da kunyarka.

Na nemi izinin maigidana kafin in rubuta wannan. Shi ra'ayinsa a bar wa Allah. Na ce na bar wa Allah, amma ni ce na bi gida-gida na yi wa mata alkawari, ina da bakin magana. Sai ya ce, "To, amma kada ki zage shi." Ka duba da kyau, ban zage ka ba.

Abu na ƙarshe shi ne dalilin da ya sa ban ƙara jira ba. Labarin ya isa Haɗeja. Surukina, amininka, ya yarda da sanarwarka, domin a wurinsa kai ba ka ƙarya. Ya kira ɗansa ya ce ya zubar masa da mutunci a gaban mutumin da ya yi musu rana. Maigidana bai faɗa masa gaskiya ba, wai ba zai shiga tsakanin manya ba. Yanzu tsohon ya ce zai hau mota ranar Laraba, da ciwon gwiwarsa, ya kwana a hanya, ya iso Legas don ya ba ka haƙuri da bakinsa bayan sallar Juma'a. Ya ce in tanadar masa goro mai kyau da zai kai maka.

Zan sayi goron, domin umarnin uba ne. Amma kana da daga yau zuwa Juma'a. Ko dai ka faɗi gaskiya kafin ya iso, ko ka zauna a kujerarka ka bar abokinka na yarinta ya durƙusa a gabanka yana neman gafarar abin da kai ka sa aka yi. Idan ka zaɓi na biyu, ka sani zan rako shi, zan tsaya a bakin ƙofa, kuma idan ya juyo ya tambaye ni me ya sa nake kuka, ni ba a haife ni a hannunka ba, zan gaya masa.

Allah ya ba ka ikon faɗin gaskiya tun tana da amfani. Allah ya rufa maka asiri fiye da yadda aka rufa mana, ya tsare iyalinka daga ganin irin ranar da muka gani, ya sa ka gama lafiya.

Wassalam.

'Yarka,
Rukayya,
Agege, Legas.